Amsa: ko ɗan Najeriya ya taɓa buga Wimbledon?

Malam, ka ce yaronka a ƙauyenku na wajen Ringim ya ɗaure igiya tsakanin bishiyoyin darbejiya biyu yana buga tanis da faifan katako, har yana tambayarka ko wani ɗan ƙasar nan ya taɓa kaiwa Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila. Ƙwarai kuwa, ka ba shi labarin Nduka Odizor.

A Legas aka haife shi a 1958. Da tsintar wa manya ƙwallo ya fara, daga baya ya samu tafiya Amurka, ya yi karatu a Jami'ar Houston. Shekarar 1983 ce tauraruwarsa ta haska: a Wimbledon ta Ingila ya fitar da Guillermo Vilas na Ajantina tun a zagayen farko, ya kai har zagaye na huɗu kafin Chris Lewis na New Zealand ya tare shi. A shekarar ya ɗauki kofi a Taipei, a 1984 kuma ya kai na 52 a duniya. Wallahi abin yana min ciwo, yaranmu sun haddace 'yan ƙwallon Turai amma ba su san sunansa ba.

Don Allah kar ka kwance masa igiyar nan. In an sanar da gasar tanis ta Dala a Kano, ka ɗauke shi ku je ya ga raket na gaske a hannun ɗan wasa.