Awakina na ramewa duk da na ba su maganin tsutsa

Tambaya: Malam, tun da damina ta kankama awakina ke zawo suna ramewa, biyu har haɓarsu ta kumbura. Na ba su ƙwayar albendazole rabi-rabi don ta ishe su, amma shiru. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba su lafiya. Ki kama akuya ɗaya, ki ja fatar idonta ta ƙasa da babban yatsa, ki duba a hasken rana. Mai lafiya za ki ga wurin jawur. In kika gan shi fari fat kamar auduga, jini ya yi ƙasa ƙwarai, kumburin haɓar ma abin da yake nunawa ke nan. Yawanci aikin tsutsa ce mai shan jini, wadda likitocin dabbobi ke kira Haemonchus. Siririya ce kamar zare, amma macenta kan zuba ƙwai dubu 5 zuwa 10 a rana guda.

Rabi-rabin nan ne ya fi damuna. Maganin da bai kai ƙima ba raunanan tsutsotsi kawai yake kashewa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, har a wayi gari ya daina ci a garkenki. Da nauyin dabba ake auna magani. Akuya kuwa jikinta na saurin fitar da shi, don haka takan buƙaci fiye da tunkiya mai nauyinta.

Ki nemi malamin dabbobi yau ɗin nan, ya auna su, in ya ga dama ya sauya zuwa wani maganin tsutsar, kamar levamisole ko ivermectin. Levamisole ba ya son ganganci: in ya zarce, akuya za ta kama dalalar da yawu da karkarwa, tana iya mutuwa. Albendazole kuma kada a ba mai sabon ciki, musamman a watan farko, don yana lahanta ɗan tayi.

Magani tsutsa yake kashewa, abinci ke mayar da jini. Waɗanda suka galabaita ki ɗaure su a gida, ki ba su harawa, dusa da ruwa mai tsabta. Sauran kada su fita sai raɓa ta bushe, domin a jiƙaƙƙiyar ciyawa 'ya'yan tsutsar ke hawowa. A riƙa share kashinsu kullum.

Nono da nama kuma a dakata da su har kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika.