Tambaya da Amsa: Me ya sa ake raina aikin jinya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Tun da na fara, maganar da nake ji daga dangi ita ce wai likitanci na nema na rasa shi ya sa na ɓige da zama nas, kuma wai aikin bai wuce yin allura da kwashe ƙazantar marasa lafiya ba. Wasu ma cewa suke yi nas-nas ba su da tausayi, ba abin da suka iya sai tsawa. Abin ya fara sanyaya min gwiwa. Me ya jawo wannan raini, kuma anya in ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Na ji zafin wannan magana, domin ni ma aikina ke nan, kuma na san yadda take sukar zuciyar mai koyo. Bari mu fara da abin da danginki suke gani, don ba ƙarya suka yi ba a kan abin da idonsu ya nuna musu.

Mai zuwa dubiya yana shiga ɗakin marasa lafiya ya yi rabin awa ya fita. A cikin wannan ɗan lokaci zai ga nas ta canza zanen gado, ta yi allura, ta rataya ledar ƙarin ruwa. Ba ya nan da ƙarfe uku na dare, lokacin da ta lura cewa mutumin da aka yi wa tiyata jiya numfashinsa ya ƙaru, bugun zuciyarsa ya yi sauri, fitsarin da ke cikin leda ya ragu, kuma ya fara amsa tambaya a ruɗe. Kowace alama ita kaɗai ba ta da ban tsoro. Wanda ya yi karatu ne yake haɗa su ya gane cewa ko dai jini ne ke zuba a ciki, ko ƙwayoyin cuta sun shiga jini, ya ta da likita tun kafin abu ya ɓaci. Idan ta yi hakan a kan kari, mara lafiya zai warke ya koma gida yana yi wa likitan tiyata addu'a, bai ma san an ceto shi a wancan dare ba. Babban tushen rainin ke nan a ganina: yawancin aikinmu hana aukuwar abu ne, kuma abin da bai auku ba ba wanda yake ganinsa balle ya gode.

Ko wannan kwashe ƙazanta da ake yi miki gori da shi, ilimi ne a cikinsa. Baƙin bayan gida mai kama da kwalta yana iya nuna jini na zuba a ciki. Yawan fitsari yana gaya mana halin da ƙoda take ciki. Wajen wanke mara lafiya ne ake ganin jan tabo a ƙugu ko a diddige, wanda idan ba a riƙa juya mutum a kai a kai ba zai zama gyambon da ke cin nama har ƙashi. Haka kuma nas ce ta ƙarshe tsakanin takardar magani da jikin mara lafiya. Idan an yi kuskure wajen rubuta adadi, ita ake sa ran ta gani ta tsayar, kuma idan ta bayar a haka doka ba za ta karɓi uzurin cewa umarni ta bi ba.

An auna wannan da alƙaluma. A 2002 Farfesa Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania a Amurka da abokan aikinta suka buga bincike a kan asibitoci 168. Sun gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su, yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 tana ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin 100. A 2014 suka sake yin irinsa a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, da marasa lafiya sama da 400,000, sakamakon ya fito iri ɗaya. Suka kuma ga cewa inda masu digiri suka fi yawa a cikin nas-nas, mace-mace sun fi raguwa. Da a ce aikin bai wuce shimfiɗa gado ba, da zurfin karatun mai yinsa bai shafi wanda zai rayu da wanda zai mutu ba.

Sai kuma tarihi. Jinya tsohuwar sana'a ce mai daraja. Littattafan tarihin Musulunci sun ambaci Rufaida al-Aslamiyya, wadda take da tanti a masallacin Madina tana kula da waɗanda aka raunata, kuma a can aka kwantar da Sa'ad bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Amma tsarin da asibitocin zamani suke bi ya samo asali ne daga Ingila. A 1854 Florence Nightingale ta jagoranci mata 38 zuwa asibitin soja na Scutari a Turkiyya lokacin yaƙin Crimea, kuma a 1860 ta buɗe makaranta a asibitin St Thomas da ke Landan. Abin da duniya ta riƙe game da ita shi ne mace mai tausayi tana zagaya majinyata da fitila cikin dare. Mutane kaɗan ne suka san cewa gwanar lissafi ce, wadda ta tattara alƙaluma ta nuna wa gwamnati cewa cututtukan ƙazanta sun fi raunin yaƙi kashe sojoji nesa ba kusa ba, har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta karɓe ta a 1858 a matsayin mace ta farko a cikinta. An ɗauki tausayinta an bar iliminta, kuma haka ake yi wa 'yan bayanta har yau.

Makarantun farko ma sun taimaka wajen kafa wannan kallo, domin sun fi nanata biyayya da ladabi ga likita. Ga shi kuma aikin ya zama na mata: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce kusan kashi 90 cikin 100 na ma'aikatan jinya mata ne. Mutane sun saba ganin uwa ko 'ya tana jinyar na gida kyauta, sai suka ɗauka wannan ma hali ne da aka haifi mace da shi, ba ya buƙatar karatu, ba ya kuma buƙatar albashi mai kauri. Namijin da ya shigo aikin shi ma yana shan nasa gorin. Finafinai sun ƙara dagula lamarin, inda za ki ga likita shi ke yin komai, nas tana tsaye tana miƙa masa almakashi.

Akwai wani nau'in raini da yake zuwa da rigar yabo, kuma shi ya fi ci min rai. A Amurka, kamfanin Gallup yana tambayar jama'a kowace shekara wace sana'a suka fi amincewa da gaskiyar masu ita. Tun 1999 nas-nas ne ke zuwa na ɗaya, in ban da 2001 da 'yan kwana-kwana suka karɓa. Lokacin korona an riƙa tafa musu ana kiransu jarumai da mala'iku. Amma da zarar an kira mutum mala'ika, an cire shi daga sahun masu gajiya da masu iyalin ciyarwa, kuma in ya nemi haƙƙinsa sai a ce ya zubar da tausayi. A Birtaniyar da aka yi ta tafa wa ma'aikatan lafiya a ƙofar gidaje a 2020, a Disamba 2022 babbar ƙungiyar ma'aikatan jinya ta shiga yajin aiki mafi girma tun kafa ta a 1916, a kan albashi da ƙarancin ma'aikata.

Maganar tsawa kuwa, ba zan kare ta ba. Akwai nas-nas masu wulaƙanta marasa lafiya, kuma mace ɗaya da aka daka wa tsawa tana naƙuda za ta ba da labarin har tsufanta. Wannan laifi ne, kuma yana cikin abin da ya ɓata mana suna. Sai dai a haɗa da sanin cewa wadda aka bar wa ɗaki cike da majinyata ita kaɗai dare bayan dare, ba isassun kayan aiki, haƙurinta zai ƙare ko da mutuniyar kirki ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa jihar Kalifoniya da ke Amurka ta kafa doka, wadda ta fara aiki a 2004, mai ƙayyade yawan majinyatan da za a ba nas ɗaya. A ɗakin kulawa ta musamman ba a wuce biyu.

Rainin yana da farashi. Wancan rahoto na 2020 ya ƙiyasta ma'aikatan jinya miliyan 27.9 a duniya, su ne kashi 59 cikin 100 na ƙwararrun ma'aikatan lafiya, amma duk da haka akwai giɓin miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ɗaya cikin takwas yana aiki ne a ƙasar da ba a nan aka haife shi ko ya yi karatu ba.

To, ki ci gaba ko ki bari? Ki tambayi kanki tsakani da Allah wane aiki zuciyarki take so. Idan gano cuta da yin tiyata ne burinki, wannan likitanci ne, ki neme shi, ba aibu. Sana'o'i ne biyu masu tafiya tare, kowace da iliminta da lasisinta da hukumar da ke sa mata ido, kuma nas ba likitar da ta tsaya a rabin hanya ba ce. Idan kuwa kina jin daɗin zama kusa da mara lafiya, kina lura da shi, kina fahimtar da shi da danginsa abin da ke faruwa, kada gori ya kore ki. Hanya a buɗe take: kulawa ta musamman, ɗakin tiyata, sa barci, jinyar jarirai, lafiyar ƙwaƙwalwa, lafiyar al'umma, koyarwa, bincike har zuwa digiri na uku. A wasu ƙasashe nas mai ƙarin karatu tana duba mara lafiya ta rubuta magani da kanta, tsarin da aka fara koyarwa a Jami'ar Colorado a 1965.

Game da dangi, kada ki tsaya musu. Idan an sake cewa allura kawai kuke yi, ki ba su labarin abu ɗaya da kika koya a makon nan, misali yadda ake lissafa maganin jariri da nauyin jikinsa, da abin da zai faru idan aka kuskure wurin ɗigo ɗaya a lissafin. A asibiti kuma ki saba da gaya wa mara lafiya sunanki da matsayinki, da dalilin abin da kike yi masa: me ya sa kike ƙirga numfashinsa, me ya sa kike juya shi, me kike nema a cikin ledar fitsari. Idan za ki kira likita, ki je da alƙaluma a hannu, ki faɗi abin da ya canza, tun yaushe, da abin da kike zargi. Ki kuma rubuta duk abin da kika lura da shi a fayil, da lokacinsa, da sa hannunki. Allah Ya ba ki sa'ar karatu.