Me ya sa tsuntsayen da nake ginawa da yumɓu ke tsagewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon gina tsuntsaye da yumɓu a gida, amma kafin su bushe sai su tsattsage, ƙafafu su karye, wasu kuma su fashe a wuta. Ina gyaran yake? Daga wata mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Fara duba yumɓun naki. Wanda aka ɗebo daga kududdufi ko fadama yakan yi danƙo da yawa, kuma idan yana bushewa yana tsukewa, wani har kusan kashi 10 cikin 100. Tsukewar nan ce ke tsaga shi. Maginan tukwane kan daka tsingaro su tankaɗe su zuba a ciki, wasu su sa yashi mai laushi. Ki yi haka, ki murza shi sosai har iskar da ta maƙale ta fita.

Fashewa a wuta kuwa ruwa ne ke jawo ta. Kin curo jikin tsuntsu dunƙulalle, waje ya bushe, ciki na nan da laima. Da ya ji zafi sai tururi ya nemi hanya. Idan ginin ya ɗan yi tauri, ki raba shi biyu da zare, ki rarake cikin har kaurinsa ya dawo kamar na ɗan yatsa, ki karce bakunan, ki shafa yumɓu mai ruwa-ruwa ki haɗe. Kar ki manta da huda ƙaramar kafa a ƙasa.

Iskar hunturu tana busar da baki da jela kafin jiki, saboda haka a inuwa za ki shanya, a lulluɓe da leda, ana buɗewa kaɗan-kaɗan. Ranar gashi ma a fara da ƙaramar wuta kafin a ƙara kara da kashin shanu.

Ni dai ban so mai koyo ya fara da gauraka ko balbela, don dogon wuya da siririyar ƙafa sai gwani. Ɗauki tantabara ko zabuwa a kwance bisa ƙwai, ki huta da batun ƙafa. In kuma dole sai mai tsayuwa, ki bar ramuka biyu, bayan gashi ki soka waya. Wayar da aka binne a ɗanyen yumɓu ba ta tsukewa tare da shi, shi ya sa yake darewa a kanta.

Batun hukuncin gina siffar mai rai, da na san za a tayar miki, malamai za ki tuntuɓa.