Hukuncin Direban Manhaja Da Ke Soke Tafiya Don Kauce Wa La'adar Kamfani

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni direba ne a nan Kaduna, ina aiki da wata manhaja mai haɗa direba da fasinja. Kamfanin na cire kashi 20 cikin 100 na kowace tafiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 abin da ke saura ba ya kai wa ko'ina, ga mai mota na jiran balas. Shi ya sa in na ɗauko fasinja, a ce daga tashar jirgin ƙasa ta Rigasa zuwa Barnawa, sai mu shirya ya soke tafiyar a wayarsa, ya biya ni a hannu. In na gaji kuma, ƙanena kan fita da asusuna. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi wa nemanka albarka.

Asalin sana'ar halal ce. Tsakaninka da fasinja ijara ce: ka kai shi wuri sananne a kan kuɗi sananne. Kamfanin kuwa dillali ne, abin da yake cirewa la'ada ce. Imamul Bukhari ya ambata cewa Ibnu Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasanul Basari ba su ga laifi ba a ladan dillali. Wasu malamai sun yi ƙyamar a yanka lada da kaso saboda jahilcin adadinsa, wato rashin sanin ko nawa ne, to a nan manhajar na nuna kuɗin tafiya kafin ka amsa, kason ma ka san shi tun ranar rajista. Tafiyar naira 5,000, ka san 1,000 na kamfani ne. Jahilcin ya kau.

Soke tafiya bayan fasinja ya shiga mota bai halatta ba. Dubi yadda abin ya gudana: kana fake a Kawo ko Mando, ba ka san akwai wani mai jaka a Rigasa ba. Manhaja ce ta nuna maka shi, ta yanka farashi, ta ja ka har inda yake tsaye. Dillali ya gama aikinsa ke nan, la'adarsa ta tabbata. Allah Ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alƙawura." A Suratun Nisa'i, aya ta 29, Ya hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Ranar da ka danna amincewa da ƙa'idojinsu ka ƙulla alƙawari, ko mai kamfanin Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Akwai kuma ƙarya a ciki, domin an shaida wa kamfani ba a yi tafiya ba alhali an yi. Fasinjan da ya yarda abokin tarayya ne a laifin, kuma ya cuci kansa: da zarar an soke, manhajar ta daina bin sawun tafiyar da hanyar da aka bi. In ya manta wayarsa a kujerar baya, ko wani abu ya faru da dare, ina za a nemo ka?

Na san ƙuncin gaskiya ne, kuma ban ce kason nasu bai yi yawa ba. Amma tsadar la'ada dalilin barin dillali ce, ba ta halatta cin haƙƙinsa. Kana iya kashe manhajar ka yi lodi da kanka, ko ka ƙi amsa tafiyar da ka lissafa ba za ta fitar da kuɗin mai ba, ko ka koma manhajar da ake ciniki a cikinta, ko ku haɗa kai ku direbobi ku nemi ragi. Fasinjan da ya tare ka a bakin titi ba ta hanyarsu ba, kuɗinsa duka naka ne. Wanda suka taɓa haɗa ku ya karɓi lambarka, daga baya ya kira ka da kansa, ka duba ƙa'idojin: in ba su hana ba, babu laifi.

Ba wa ƙaninka asusunka ma haramun ne. Hotonka da sunanka fasinja ya gani, a kan su mace ta amince ta shiga mota ita kaɗai. Turo wani a madadinka algus ne, kuma hadisin Muslim ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ƙanin naka ya yi tasa rajistar da lasisinsa.

Abin da ya wuce, ka tuba, ka duba tarihin tafiye-tafiyen da aka soke a manhajar, ka ƙiyasta la'adarsu gwargwadon rinjayen zatonka. Ka mayar wa kamfanin ta hanyar da kake biyan bashin la'ada, ko ta ofishinsu, ko da kaɗan-kaɗan ne. Sai in ka bi duk hanyoyin ya gagara, sannan ka yi sadaka da kuɗin da niyyar sauke haƙƙin masu shi.

Wallahu a'alam.