Amsa: Tsohon soja da kuɗin asibiti

Ɗan'uwa, ka ce mahaifinka ya yi ritaya daga soja amma har yanzu daga aljihunsa yake biyan asibiti. Bai kamata ba. Tsofaffin sojojin Najeriya masu karɓar fansho suna ƙarƙashin inshorar lafiya ta NHIA (hukumar inshorar lafiya ta ƙasa), kuma DHML, kamfanin da ke tafiyar da inshorar lafiyar sojoji, shi ne ke kula da nasu.

Ya ɗauki takardar sallama, shaidar fansho da lambar NIN, ya je ofishin DHML a duba sunansa, sannan ya zaɓi asibiti mafi kusa da gida, ba lalle na bariki ba.

Inda aka fi samun cikas shi ne turawa babban asibiti. Idan aikin ido ne ko mafitsara, misali a asibitin soja na 44 da ke Kaduna, dole asibitinsa na farko ya rubuta takardar turawa, ya karɓo lambar amincewa daga DHML. In babu lambar nan, za a ce ya biya. Kada ku bar dattijo ya shiga mota sai lambar tana hannu.

In aka ce magani ya ƙare, a rubuta a katinsa, ku riƙe rasit, ku kai ƙorafi DHML.