Amsa ga mai tambaya kan tsatsar faifan birki: don Allah kada ka bari a shafa masa mai

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga hoton da ka ɗora, na kuma karanta tambayarka: ka ajiye mota kwana huɗu ana ta ruwa, ka fito ka tarar faifan birki ya yi jawur da tsatsa, da ka tashe ta kana jin ƙara kamar ana wasa wuƙa, har wani ya ba ka shawarar ka fesa masa mai. Wallahi da na zo kan maganar man nan sai da gabana ya faɗi, domin abin da ya kusa halaka ni da iyalina ke nan.

Abin da ke hotonka ba komai ba ne. Faifan nan zubin ƙarfe ne tsirara, ba fenti a fuskarsa, ko wanki aka yi wa mota da yamma, kafin gari ya waye zai yi ja. Samu titin da ba cunkoso, ka kai gudun kamar kilomita 50 a awa, ka taka birki a hankali har ta sauko 10, ka sake, ka maimaita sau takwas ko goma. Fad ɗin, wato abin da ke matse faifan idan ka taka birki, da kansa zai share tsatsar, ƙarar ta ɗauke. Sisi ba za ka kashe ba.

Ni tawa Corolla ce 2006. Wurin aiki suka tura ni Fatakwal wata uku, daidai tsakiyar damina, na bar ta a ƙofar gida a Kano ƙarƙashin bishiyar darbejiya, inda ruwa ke kwanciya, na ja birkin hannu na tafi. Da na dawo ta ƙi motsi, lainin birkin baya ya manne da duram, wato kwanon ƙarfen da yake gogawa a cikin tayar, faifan gaba kuwa kamar an barbaɗa masa jar ƙasa. Na kira bakaniken da na shekara shida ina kai wa mota. Mutumin da na ɗauka ɗan'uwa, ranar sunan ɗansa da motar nan aka yi ta jigilar mutane. Ya zo da yaronsa, suka bubbuga baya ta saki, ya ce mini, "Yallabai je ka yi sallah, kafin ka dawo mun yi maganin tsatsar nan." Na tafi azahar, na dawo na ga faifai ya yi baƙi yana sheƙi. Na yi murna, na biya shi har da ƙari. Ashe baƙin mai suka dangwala da tsumma suka goge faifan da shi.

Washegari muka kama hanyar Zariya gaida surukaina, ni da maiɗakina da yara uku. Tun a cikin unguwa na ji birkin ba ya kamawa yadda na saba, amma ya riga ya ce mini sai a hankali zai dawo daidai, na yarda da shi. Mun wuce Na'ibawa kaɗan sai wani mai adaidaita sahu ya ci birki a gabana zai ɗauki fasinja. Na taka. Fedal ɗin da tauri, bai nutse ba, amma mota tafiya kawai take kamar ban taɓa komai ba. Na miƙe a kansa da dukkan ƙarfina. Ina ganin mata biyu da jariri a bayan adaidaitar suna matsowa, maiɗakina tana ta Innalillahi, ban san lokacin da na finciki birkin hannu na karya sitiyari dama ba. Muka faɗa kwalbati. 'Yata ta tsakiya, shekararta biyar a lokacin, ta bugi bayan kujera, goshinta ya fashe, jini ya rufe mata ido tana kiran Baba ba ta ganina. Ɗinki huɗu aka yi mata. Tabon yana nan, kullum na dawo gida ta taro ni sai na gan shi. Na fi wata ba na iya barci sosai, da na rufe ido sai in ga bayan adaidaitar nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na koma wurinsa. Wani dattijon bakanike a Ƙofar Ruwa ne ya kwance tayar, ya zaro fad ya miƙo mini ya ce in shinshina. Warin baƙin mai ne, ya jiƙe sharkaf. Na kai wa mutumin nan fad ɗin a leda. Da farko ya rantse bai san zancen ba, daga baya ya ce yaronsa ne, alhali yana tsaye a kansa aka yi. Ƙarshe ya ce mini tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara, amma ko sannu bai zo ya yi wa yarinyar ba, ko a waya. Shekara shida! Na bar shi da Allah, sai dai har yau in na bi ta gaban garejinsa na ga motocin mutane a jere, tausayin masu su nake ji.

Shi ya sa nake roƙonka: ba baƙin mai, ba giris, ba man fesawan nan WD-40, ba man goge taya, kada komai mai santsi ya taɓa faifai ko fad. In har ya taɓa, faifan ana iya wanke shi da maganin fesawa na wanke birki, amma fad ya tashi daga aiki, shan mai yake kamar soso. Masu cewa a wanke shi da fetur ko a babbaka shi a wuta, kada ka saurare su, a jefar a sa sabo.

In ka yi takun da na ce tsatsar ba ta fita ba, ko kana jin fedal yana harbin ƙafarka, ko sitiyari na rawa idan ka taka, to ta ci ciki. Bari ƙarfen ya huce ka ja farce a kai. In ka ji ramuka, ko ka ga shatin fad ya fito a inda ya daɗe a manne, a kwance taya a goge da sanfefa. Kuma a duba fuskar ciki, wadda ba a gani ta rim. Dattijon nan ne ya nuna mini, ta waje tana iya yin fes ta ciki ta lalace, musamman in ƙusoshin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad, sun cije ba sa zamewa. Su ƙusoshin ana sa musu giris, shi ma nasu na musamman, ɗan kaɗan.

Akwai lamba a gefen kowane faifai da ke nuna iyakar sirantar da zai yi. Na gaban irin motata sabo milimita 25 ne, iyakarsa 23. Ka ga tazarar ba yawa, don haka in za a kai shi inji a fere a auna tukuna. In ya kai iyaka a canza, kuma hagu da dama tare, kada a ce maka ɗaya ya isa.

Ban sani ba ko taka 'yar Kwatano ce da ba ta daɗe da shigowa ba. In daga Kanada ko arewacin Amurka ta fito, inda suke zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, sa a ɗaga ta ka leƙa ƙasa da idonka, har bututun man birki. Man birkin ma ruwa yake zuƙa daga iska, duk shekara biyu nake zubar da nawa. Kuma kayan birki da ƙafata nake zuwa in saya, na daina aike, jabun fad ya yi yawa a kasuwa. Ana aiki kuwa ina tsaye, in lokacin sallah ya yi a ajiye sifana mu tafi tare.

In za ka sake ajiye ta da daɗewa, kada ka ja birkin hannu, sa ta a P ko a giya ka tokare taya da dutse, a kan siminti, ba kan ciyawa ko jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. Ka bar wa wanda ka yarda da shi makulli ya riƙa zagayawa da ita ko sau ɗaya a mako. Bayan wanki ma ka ɗan tattaka birki a hanyar gida ya bushe.

In ka gwada gobe da safe, ɗauko mana hoton faifan, har da na ciki in an kwance tayar, ka ɗora mu gani. Kuma gwajin farko ka yi shi kai kaɗai, kada ka ɗauki yara.