Tambaya da Amsa: Ƙararrawar bakwai da rabi da barcin 'ya'yanmu

Wasiƙun da suka zo wa filin lafiyar iyali a wannan karo duk sun taru a kan barcin matasa da lokacin shiga aji. Mun zaɓi uku daga ciki.

*Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 15, yana lise, wato makarantar sakandare. Da yana firamare ana idar da sallar lisha yake ɓingirewa. Yanzu har sha ɗayan dare idonsa biyu, da asuba kuma sai an kai ruwa rana kafin ya tashi. Malaminsu ya aiko cewa gyangyaɗi yake yi a darasin farko. Babansa ya ce lalaci ne, bulala ce maganinsa. Na ji wai a Amurka an jinkirta lokacin shiga makaranta saboda wannan. Gaskiya ne? Mu ma mu nema?*
Wata uwa daga Garwa, Kamaru

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ba Alhaji haƙuri ya ajiye bulalar tukuna, domin abin da kike gani yana tafiya ne da balaga. Ƙwaƙwalwa tana fitar da wani sinadari, melatonin, idan duhu ya yi, shi ne ke sanar da jiki cewa dare ya yi. Da yaro ya fara balaga, fitowar sinadarin takan ja baya da awa ɗaya zuwa biyu, kuma nauyin barci ba ya saurin taruwa masa kamar na ƙaramin yaro. Mary Carskadon ta jami'ar Brown a Amurka ta shafe shekaru tana auna wannan a jikin matasa. Shi ya sa wanda da yake barci ƙarfe tara yanzu sai ya kai goma da rabi ko sha ɗaya yana juye-juye a kan tabarma. Buƙatarsa ta barci kuwa ba ta ragu sosai ba: daga shekara 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10 ake so a kowace rana.

Yi lissafin da kanki. Ya yi barci sha ɗaya, kin tashe shi biyar, awa shida ke nan. Kowane dare ana bin sa awa biyu, daga Litinin zuwa Juma'a awa goma. Abin da aka fi yanke masa kuma shi ne barcin ƙarshen dare, inda mafarki ya fi yawa, wanda ke da hannu wajen zaunar da karatu a ka da daidaita rai. Daga nan saurin fushi yake fitowa, da mantuwa, da ciwon kai, da ganganci a kan babur.

Labarin Amurka gaskiya ne. Birnin Miniyafolis ya mayar da shiga aji daga 7:15 zuwa 8:40 a 1997. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ba da shawarar kada makarantun sakandare su fara kafin 8:30. Makarantun birnin Siyatil sun koma 8:45 daga 7:50 a 2016, masu bincike na jami'ar Washinton suka ɗaura wa ɗalibai na'urar awo a hannu, suka tarar barcinsu ya ƙaru da kimanin minti 34 a dare. Jihar Kalifoniya ta mai da abin doka a 2019, ta fara aiki a 2022.

To amma Garwa ba Siyatil ba ce. A can, da sanyi, rana ba ta fitowa sai wajen takwas saura, yara cikin duhu suke fita. A nan rana takan fito wajen shida duk shekara, kuma hasken safiya shi ne babban abin da ke janyo agogon jiki gaba, wato ya sa barci ya riƙa zuwa da wuri, wannan riba ce gare mu. Abu na biyu ya fi muhimmanci: a yawancin gidajenmu ba ƙararrawar makaranta ke tashin yaro ba. Sallar asuba ce, sai karatun allo, sai ɗibar ruwa da shara, musamman ga 'yan mata, sai tafiyar ƙasa ga wanda ba shi da kuɗin kilando, wato babur ɗin haya. Idan aka mayar da shiga aji takwas da rabi alhali yaron yana tashi biyar bai sake kwanciya ba, ko minti ɗaya bai ƙaru ba.

Saboda haka fara daga gida. Ki ɗauki takarda, mako biyu, ki riƙa rubuta lokacin da ya kwanta, lokacin da ya tashi, da ko ya sha shayi bayan la'asar. Idan ranar Lahadi yana ƙara fiye da awa biyu a kan na ranakun makaranta, bashin barci ke kansa. Sannan a karɓi waya awa guda kafin kwanciya, ta kwana a ɗakinki. A riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan kwana biyu ko uku. Idan kika ce daga yau ƙarfe tara, kwanciya kawai zai yi yana kallon rufi. Aikin da za a iya yi da yamma, kamar cika randa da guga, kada a bar shi sai safe. Ranar da ya dawo da wuri ya yi ƙailula ta minti 20 zuwa 30. Idan ta zarce awa ko ta kai gab da magariba, barcin dare ta cinye. A watannin zafi, ɗakin kwano ba ya hucewa sai dare ya raba, gara ya kwana a tsakar gida cikin gidan sauro. In an yi wata guda haka bai canja ba, ko yana minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi, ko ya yi fari fat, ko ya daina walwala, a kai shi asibiti. Kada a saya masa maganin barci a hannun masu talla.

*Ina cikin kwamitin APEE, ƙungiyar iyaye da malamai, na wata lise. Muna so mu nemi a mayar da shiga aji 8:30 maimakon 7:30. Ta ina za mu fara?*
Wani uba daga Marwa

Malam, shawararmu kada ku buɗe baki da 8:30, nan take za a rufe muku ƙofa, kuma masu rufewar suna da hujja. Lokutan makaranta tsari ne da ke sauka daga ma'aikatar ilimin sakandare a Yawunde, shugaban lise ba ya canja shi don ra'ayin kansa. Kuma awar da aka cire da safe da yamma za a biya ta. Tashin 3:30 ya koma 4:30: ƙarin awa guda a aji mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Marwa ke haura digiri 40, ga yunwa, ga Islamiyya bayan la'asar, ga 'yan mata masu nisan gida da magariba za ta riska a hanya. Ko a Amurka ba ko'ina abin ya zauna ba. Jihar Fulorida ta yi dokar jinkirta shiga aji a 2023, ta janye wajabcinta a 2025 tun kafin ta fara aiki, saboda kukan da hukumomin makarantu suka yi kan motocin ɗaukar ɗalibai da kuɗi.

Ku fara da ƙidaya. Aji uku sun isa, ɗaya na ƙasa, ɗaya na tsakiya, ɗaya na masu jarrabawa. Takarda guda, ba suna, tambaya biyar: yaushe ka yi barci jiya, yaushe ka tashi, me ka yi kafin ka fito, minti nawa kake yi a hanya, ka karya kumallo? Ku raba amsar maza da ta mata, za ku ga bambanci. Ku roƙi mai kula da ɗa'a ya ba ku adadin masu latti da masu fashin darasin farko na zango guda. Shugaban makaranta ya fi sauraren takarda mai lambobi daga makarantarsa fiye da labarin Kalifoniya.

Sannan ku nemi abin da ke hannun makarantar. Na farko, kuma mafi sauƙi, darussan ƙari da ake sa wa masu shirin jarrabawoyin BEPC, Probatoire da Bak tun shida da rabi a mayar da su yammacin Laraba ko safiyar Asabar. Mai tsara jadawali ya daina sa gwaje-gwaje da darussa masu nauyi a awar farko, ya sa motsa jiki a nan in zai yiwu. Rana ba ta yi zafi ba, hasken kuma yana wartsakar da su. A daina rufe ƙofa a bar masu latti a titi har awa biyu, wanda ya makara da minti goma bai kamata ya rasa darasi sukutum ba. Malamai su daidaita aikin gida tsakaninsu kada huɗu su faɗo dare ɗaya.

Idan kuna son taɓa ƙararrawar kanta, ku nemi gwaji: ƙarfe takwas daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu da yamma ke da sauƙi, a koma bakwai da rabi da shigowar zafi. A rubuta buƙatar, majalisar makaranta ta amince, ta bi ta ofishin wakilin ma'aikata na yanki. Ku maimaita tambayoyin nan biyar kafin gwajin da bayansa.

Inda irin wannan yunƙuri ke mutuwa sananne ne. Ba a tuntuɓi malamai ba, alhali da yawansu suna koyarwa a wata makarantar da yamma. Ba a zauna da limamai da malaman allo ba, sai magana ta bazu cewa ana so a hana yara sallar asuba. Ku je musu tun farko, ku ce ba sallar ake taɓawa ba, ku nemi su ma su duba tsawon karatun dare. Ko kuma iyaye su ga rabin awa ta samu su cika ta da aike.

*Ina shirin Bak. Ni da abokaina mukan dafa shayi mai kauri mu yi karatu har biyu ko ukun dare. Wasu na cewa haka ake cin jarrabawa.*
Wani ɗalibi daga Kusiri

Ɗana, abin da ka karanta da rana cikin barci yake zama a ka, wanda ka cusa ƙarfe biyu kuwa yawancinsa ba ya kai safe. Sinadarin da ke cikin shayi da Nescafé yakan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wato kofin ƙarfe tara yana nan yana aiki har biyun dare. Ka tsayar da shayi daga la'asar. Yi karatu daga bayan magariba zuwa goma, da hutun minti biyar duk bayan minti 45, ka kwanta, ka yi bitar abin da ya fi wuya bayan asuba. Saura mako biyu jarrabawa ka riƙa kwanciya da tashi daidai da lokacin da za ka yi a ranakun jarrabawar. Duk wanda ya miƙo maka taramol ko wata ƙwaya wai tana hana barci, kada ka karɓa. Tana kama mutum, kuma tana iya jawo farfaɗiya.